Hattara da waifai na kyauta mai tambayar kalmar sirrinka

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba.

Na sauka a wata babbar tashar jirgin ƙasa a birnin da ban taɓa zuwa ba, data ta ƙare, ga shi sai da taswira zan gane masaukina. Na kunna waifai, sunaye suka jeru. Biyu na ɗauke da sunan tashar: ɗaya a kulle, ɗaya a buɗe an liƙa masa kalmar kyauta, sandunan sabis ɗinsa kuwa cike taf. Na taɓa buɗaɗɗen. Shafi ya fito tsaf da tambarin tashar, ya ce in shiga da imel ɗina da kalmar sirrinsa. Jaka a kafaɗa, caji saura kaɗan, ban yi wata-wata ba na rubuta. Intanet ɗin ma ya zo, taswira ta buɗe, na kama hanya ina murnar na samu banza. Washegari imel ya ƙi buɗuwa. Can da rana sai ga kiran yayata: "Kai, lafiya kuwa? Wane asibiti aka kwantar da kai har kake neman a turo kuɗi?" Ashe daga imel ɗin aka canza kalmar sirrin shafina na sada zumunta, aka bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ban sani ba a ranar shi ne, sunan waifai ba shaida ba ne. Babu wata hukuma da ke rajistarsa. Duk mai waya zai iya kunna raba data ya raɗa mata sunan otal, ko filin jirgi, ko ɗakin karatu. Ɗan damfara na zaune a kujerar da ke bayanka, na'urar da ba ta fi tafin hannu ba na cikin jakarsa, kuma cikar sabis ɗin da ta ja hankalinka kusancinsa ne kawai. Masana tsaron intanet na kiran wannan mugun ɗan tagwaye. Ita wayar ma ba ta taimaka maka: in ta taɓa hawa buɗaɗɗen waifai, sunan take riƙewa, duk inda ta sake ganin sunan sai ta haɗu da kanta tana cikin aljihu.

Kada wani ya ce sai mara wayo ake yi wa haka. A 2024 'yan sandan tarayyar Ostareliya sun gurfanar da wani mutum bisa kafa irin wannan tarko a filayen jiragen Perth da Melbourne da Adelaide, har da cikin jirgi yana sararin samaniya. Ma'aikatan jirgin ne suka lura da wani baƙon waifai, aka binciki kayansa, aka ga na'urar. A 2016 kuma kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya gwada mutane a filin jirgin Barcelona lokacin babban taron masu harkar wayar hannu, cikin awa 4 sama da mutum 2,000 suka hau waifai na bogi. Har da masu zuwa taron fasaha fa.

Ga inda nake so a fi lura. Yawancin shafuka yanzu a rufe suke aika bayanai, saboda haka da wuya ɓarawon ya karanta abin da ke wucewa ta layinsa. Shi ya sa ba ya wahalar da kansa, kai yake sa wa ka miƙa masa da hannunka a wancan shafin maraba. Alamar makullin da ke gefen adireshi kuwa ba ta wanke kowa ba. Tana nufin hanyar a rufe take tsakaninka da mai shafin, ba ta ce mai shafin mutumin kirki ba ne, kuma kyauta ake samunta. Haka manhajar VPN, mai rufe bayanan da wayarka ke aikawa: tana kare ka daga mai leƙe, amma ba ta da maganin abin da ka rubuta wa ɓarawo da yatsanka.

Waifai na gaske abin da zai nema bai wuce ka amince da sharuɗɗa ba, ko lambar ɗakinka, ko adireshin imel zalla. Da ka ga an ce kawo kalmar sirrin imel ko ta Facebook, ko lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya turo ta saƙo, ko an ce sai ka sauke wata manhaja tukuna, fita kawai. Ka taka zuwa wurin ma'aikacin wajen ka ce ya nuna maka sunan a rubuce, harafi da harafi. Ka kashe saitin da ke sa wayar haɗuwa da waifai da kanta, in ka gama ka sa wayar ta manta sunan. Harkar banki kuma a bari sai da datarka.

Wanda ya riga ya faɗa, imel zai fara cetowa, domin shi ne mabuɗin sauran. Ka canza kalmar sirri ta wani layin daban, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, ka kunna tantancewa mai mataki biyu (wato a nemi wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri), sannan ka duba lambar wayar da aka ajiye ta dawo da asusu. Ni da na samu nawa ya dawo na ɗauka magana ta ƙare. Sai bayan mako guda na leƙa saituna, na tarar an bar umarnin tura kwafin duk wasiƙar da ta shigo zuwa wani adireshin da ban taɓa gani ba.