Saitin royal ko falo mai ƙarancin kaya: amsa ga 'yar uwa mai shirin tarewa

'Yar uwa, kin ce za ku tare a gidan haya, falon ƙafa 12 ne a 14, ga yara ƙanana, kuma kin rasa na zaɓa tsakanin kujerun royal da irin falon zamani da ba a cika wa kaya. Bari in jera miki su gefe da gefe.

Royal dai asalinsa ba Turkiyya ba ne, duk da 'yan Turkiyya muke ce musu. Sassaƙar furanni, lanƙwasassun ƙafafu da ruwan gwal salon fadar Faransa ne a ƙarni na 18, zamanin Sarki Louis na 15. Yau garuruwa irin su Inegol a Turkiyya da Dumyat a Masar ne suka yi suna wajen ƙera kayan ɗaki, kafintocinmu kuma suna ɗaukar samfuri. To tunda don fada aka yi shi, fili yake so. Saiti mai cin mutum bakwai, wato mai uku, mai biyu da guda-guda biyu, ga teburin tsakiya, in kika zuba su a falonki sai kin karkace kafin ki wuce da tiren abinci. Hanyar wucewa tana son santimita 80 zuwa 90, tsakanin kujera da tebur kuma 40 zuwa 45. Ki ɗauki tef ki auna tun kafin ki ba da kuɗin kafin alƙalami.

Kuma royal ba ya zuwa shi kaɗai. Zai nemi labule mai nauyi, wanda yadinsa sai ya ninka faɗin taga sau biyu ko biyu da rabi kafin ya yi tattara mai kyau. Zai nemi POP, wato silin mai ado, da fitilar lilo, da kafet mai kauri. In babu waɗannan, kujerun sai su zauna kamar amarya a gareji.

Sai maganar ƙura, wadda masu shago ba sa ɗagowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowane lungu na sassaƙar nan sai ya cika, kuma tsumma ba ya shiga, sai da buroshi. Yadin karan-miski shi ma yana riƙe ƙura, ga tabon shayi da hannun yaro mai maiƙo. Royal mai araha ya fi ban takaici: sau da yawa furannin ba sassaƙa ba ne, zubi ne aka manna da gam, gwal ɗin kuma feshi ne da ke dushewa. Ki ƙwanƙwasa ki ji, ki ɗaga gefe guda ki ji nauyi, ki tambayi katakon, madaci ne ko farin katako da gara ke so.

Amma a ba shi haƙƙinsa. A babban falo, royal mai kyau yana da kwarjini, 'yan ganin ɗaki ba su da abin cewa. Mazauninsa kuma yana da tudu da tauri, dattijo ya fi jin daɗin miƙewa daga kansa.

Shi kuwa ɗaya salon, ya fi samun suna ne daga ƙasashen Denmak, Suwidin, Norwe da Finlan a shekarun 1950. Can hunturu dogo ne, rana ba ta daɗewa, shi ya sa suke son farin bango da katako mai haske. Mu rana ta yi mana yawa, ga jar ƙura, don haka kar ki kwafi farin fat. Ki nemi ruwan madara, ruwan ƙasa ko toka-toka. Masu adon ɗaki suna raba launi uku: kashi 60 ga bango da ƙasa, 30 ga kujeru da labule, 10 ga filalla da ƙananan kayan ado. Kujera mai kusurwa guda ɗaya, mai dogayen ƙafafu da tsintsiya za ta shiga ƙarƙashinta, rigunanta masu zif da za a cire a wanke, ta ishe ki.

Inda ake faɗuwa a nan shi ne, babu ado da zai rufa wa aiki asiri. Bango mai tudu da kwari a fili yake, wayar talabijin da ke reto ma haka. Dole a goge bangon ya yi sumul, a shafa fenti mai wankuwa, sannan ki samu durowa mai murfi da za ta haɗiye caja, rimot da kayan wasan yara. In ba haka ba, falon zai yi kama da wanda ba a gama jerensa ba. Ƙwan fitila ma ki zaɓi mai ɗan ja-ja, wanda aka rubuta 3000K a kwalinsa. Mai 6500K yana mayar da ɗaki fayau.

Na san abin da ke ranki: ranar suna ina mutane za su zauna? Ai ko saiti biyu gare ki, mata a ƙasa suke bajewa. Kafet mai faɗi da tum-tum na fata uku ko huɗu, irin na Kasuwar Kurmi, sun fi ƙarin kujera amfani. Ki jera fayafayai masu launi a bango guda, ko zanen dagin Arewa, falon ya tashi daga na hoton intanet ya koma naki.

Da ni ce, a falo irin naki, mai ƙarancin kayan zan ɗauka. Gidan haya ne, POP da takardar bango na mai gida ne ranar da kika tashi, sassaƙar royal kuma a wajen lodi take fara ɓarewa. In ranki ya kafe a royal, ki sayi mai uku da guda-guda biyu masu ƙaramar sassaƙa, ki bar sauran. Kowanne kika zaɓa, ki zauna a kai ki ji soson kafin ki biya, kuma ki guji ledar nan mai kama da fata, zafinmu yana sa ta saɓulewa.