Boxer da Roba-Roba: Shan Mai da Girman Tanki

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mai sayen babur yakan fara tambayar yadda yake shan mai kafin ya tambayi ƙarfinsa. Roba-roba, wanda ma'aikata da ɗalibai suka fi hawa, ya fi Boxer na kamfanin Bajaj rashin nauyi, sai dai tankinsa da ke ƙarƙashin kujera bai wuce kimanin lita 4 ba, alhali na Boxer yana ɗaukar kusan lita 11. Idan aka ƙaddara kowannensu yana cin kilomita 50 da lita guda, roba-roba zai tsaya a wajen kilomita 200, wato ba zai kai mutum Kaduna daga Kano ba sai ya sake shan mai a hanya, shi kuwa Boxer zai je ya dawo. Wannan ne ya sa ɗan acaɓa mai shiga ƙauyuka, inda gidan mai ke da nisa kuma 'yan bumburutu ke tsawwala farashi, ya fi natsuwa da Boxer. Ga mai zirga-zirgar cikin gari kuwa, roba-roba ya wadatar.