Ƙwayar PBS ta narkarwa: ta yi mini, amma a san iyakarta

Duk mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje ya san PBS, ruwan gishirin nan mai fosfet. A lita ɗaya ana zuba giram 8 na sodiyam kulorayid, 0.2 na fotasiyam kulorayid, da gishirin fosfet iri biyu, sannan a daidaita pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, a kan 7.4. Na daɗe ina auna su da hannu kafin na koma amfani da ƙwayar da ake jefawa a tataccen ruwa, wadda guda ɗaya ke ba da mililita 200.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta canzawa. Na narkar yau, na narkar wani mako, na'urar pH ta nuna kusan abu ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai gwajin ELISA, na gano wani furotin a cikin samfuri, inda ake wanke faranti sau da dama da PBS mai ɗan sabulun Tween 20, kashi 0.05 cikin ɗari.

Inda na fi ganin amfaninta shi ne wankin ƙwayoyin halitta da ake renonsu a kwalba. Ruwa zalla kumbura su yake yi har su fashe, shi kuwa PBS gishirinsa daidai yake da na ruwan jiki. Kafin a sa tirifsin, sinadarin da ke ɓamɓare ƙwayoyin daga kwalba, dole a wanke ragowar siram, wato ruwan jinin da ake sa musu a abinci, domin yana kashe masa kaifi. Tunda ƙwayar PBS ɗin ba ta da kalsiyam da magnisiyam, masu taimaka wa ƙwayoyin halitta su manne, nakan duba madubin ƙara girma in ga ƙwayoyin sun dunƙule sun saki kwalbar cikin 'yan mintuna. Mai son su zauna a manne, sai ya nemi haɗin PBS na Dulbecco na 1954 mai ɗauke da kalsiyam da magnisiyam.

Sai dai narkarwa ba ta nufin ruwan ya tsarkaka. Sai an dafa shi a otokilef, na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a digiri 121, ko a tace da matata mai maikiromita 0.22. Ƙwayar kuma tana ɗan jinkirin narkewa idan ba a juya ba.

Ba na kusantar ta idan gwajin ya shafi alkalin fosfatas, sinadarin da ke cire fosfet, ko furotin mai fosfet, domin fosfet ɗin ruwan yana dagula sakamako. A nan TBS nake ɗauka, wani ruwan gishirin da babu fosfet a ciki. Kuma kada a bar ƙwayoyin halitta su daɗe a ciki, babu abincinsu a PBS.