Makarantar kuɗin 'yata a Houston: tantancewa ta cece mu, amma Kemistiri fa?

Masu tambayata ko makarantar da 'yata take yanzu ta ci kuɗinta, ga amsa ɗaya ga kowa. Tauraro huɗu nake ba ta.

Aji tara yarinyar ta yi a wata ƙaramar makarantar kuɗi ta unguwarmu, wadda kullum shugabarta ke ce mana "muna da rajista". Da muka zo canja mata wuri, sai mai ba ɗalibai shawara ta juya takardar sakamakon, ta duba gaba da baya, ta ce, "Wace ƙungiya ce ta tantance su?" Babu ko ɗaya. Ashe a Texas, inda Houston take, gwamnatin jiha ba ta tantance makarantun kuɗi da kanta, ƙungiyoyi masu zaman kansu ke yi, kuma makaranta na iya shekara da shekaru tana karɓar kuɗin mutane ba wanda ya taɓa leƙa ta. Ga shi kiredit 22, wato makin da ake tarawa idan an ci darasi, shi ne mafi ƙaranci a tsarin jihar kafin a gama sakandare. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, shekara guda ta tafi a banza.

Ita wannan sabuwar makarantar, ƙungiyar Cognia ce ta tantance ta, wadda ta gaji aikin tsohuwar ƙungiyar yankin kudu, SACS, da aka kafa tun 1895. Ban tsaya ga maganar baki ba, na shiga shafin Cognia na ga sunansu da idona. Masu makarantar ba su ce yarinyar ta maimaita aji ba. Jarrabawa suka yi mata a Turanci da Bayoloji da Aljebra, ta haye biyu, Aljebrar ta gyara a hutun bazara, suka sa kiredit ɗin a takardarsu mai hatimi. Wallahi ranar har da hawayena. Yanzu ko makarantar gwamnati muka koma, ko jami'a ta nema, da takardar da ake ganewa za ta je.

Ina cikin yabon nan Kemistiri ya faɗo min a rai, raina ya sake ɓaci. Malamar ta ajiye aiki tun kafin hutun Disamba, aka dinga kawo na wucin gadi, ɗayar ma bidiyo kawai take kunna musu ta koma kan wayarta. Da na kai ƙorafi ofis, sai matar ta nuna min takardar tantancewa da ke rataye a bango. To baiwar Allah, ai masu tantancewar nan sai bayan shekaru suke zuwa. Makaranta ta rubuta rahoto a kan kanta, su zo 'yan kwanaki su duba takardu, su leƙa aji, su tafi. Ina suka san wanda ya tsaya gaban 'yata ranar Talata? Kuɗin ɗakin gwaji kuwa an karɓa cif, yara ba su shiga ba sai dab da jarrabawa.

A'a, tauraro uku ya ishe su. Ƙanenta ma ba zan biya masa kuɗin riƙe gurbi ba sai sun ɗauki malamin Kemistiri na dindindin.