Aikin daure ciki na rage kiba da aka min a Alkahira, yadda na same shi

Salamu alaikum yan uwa. Tunda na dawo ake ta tambayata a waya da wajen biki, wai wane asibiti naje, da zafi ko babu, ina cin tuwo kuwa yanzu, to bari na zauna na rubuta gaba daya kowa ya karanta nima na huta. Sunan asibitin dai bazan fada ba, don akwai inda zan yaba musu akwai inda zan kushe su, kuma abin kushewar ba su kadai ke yi ba, duk wadda na hadu da ita da ta sayi irin wannan fakej din labarin mu daya.

Aikin kansa ba matsala, likitan ya iya hannunsa. Amma wannan robar da ake daure tumbi da ita ba abu bane da ake sa miki ki hau jirgi ki dawo gida shikenan an gama, kullum tana son likita a kusa da ke, kuma wannan ne abinda ba wanda ya zaunar dani ya fada min kafin kudina su fita.

Ga wadda bata san meye ba, wata roba ce ta silikon kamar zobe da ake zagayawa a saman tumbi, sai ta raba shi biyu, na sama dan mitsitsi wanda bai fi girman kwai ba, abinci ya dan tsaya anan kafin ya gangara a hankali, sai kiji kin koshi da loma kadan. Ba'a yanke komai a cikin. Daga jikin robar akwai siririn tiyo da ya taho har karkashin fatar ciki, karshensa akwai wani dan maballi da suke cewa fot, anan likita ke soka allura ya zuba ruwan gishiri irin na karin ruwa, in ya zuba robar ta kara matsewa, in ya zuke ta saki. Tawa mai cin mil 10 ce, akwai babba mai cin 14. Ranar aiki kusan a sake ake barin ta saboda kumburi, sai bayan sati 4 zuwa 6 ake fara zubawa kadan kadan har a samu daidai ke. Ku rike wannan maganar don anan rigimar take.

Ni abinda ya kaini ciwon gwiwa ne da hawan jini, ga suga ya fara leko kai, sallah ma a kujera nake yi. Ka'idar da aka dade ana bi shine BMI, wato lissafin nauyin mutum da tsayinsa, ya kai 40, ko 35 in akwai wani ciwo tare da kibar, ni na wuce nan da nisa. Na zabi robar akan silif ne saboda tsoron yankan, a silif cire mafi yawan tumbin ake yi kuma ba dawowa, ita kuwa roba an ce min in bata karbe ki ba a ciro ta. Gaskiya ne ana cirowa, sai dai cirowar ma wani aikin ne da allurar barci da wasu kudin, wannan bangaren ejan da ya hada min tafiyar bai taba ambata ba.

Tafiyar kam ba laifi. Daga Kano muka tashi kai tsaye, ejan ya hada mu da wani yaro dan Katsina dalibi a Azhar shi ke mana tafinta, yaron kirki wlh, shi ya kama mana gida a Madinat Nasr, shi ke zirga zirgar karbo sakamakon gwaji, har kasuwa yake zuwa ya siyo wa mijina kayan miya. In zan bada maki shi zai fi kowa samu. Asibitin fes, nas nas din suna da fara'a duk da turancin su da larabcin mu duk a karye suke, an min gwajin jini da na zuciya da hoton ciki, an zura min kyamara ta baki an duba tumbin. Kafin aiki suka dora ni kan abinci marar mai marar sitaci wai don hanta ta dan rage girma likita ya samu wajen aiki, wannan kwanakin naji yunwa irin wadda ban taba ji ba, zabadi wato yogot da shurba wato romo kawai, ga kamshin gasasshiyar kaza na tasowa daga kasan benen.

Aikin bai kai awa daya ba, kananan huji ne a ciki ba tsaga ba. Abinda ya bani mamaki ba cikin ne yafi ciwo ba, kafada ta hagu ce, ashe iskar da suke hurawa a ciki don su ga hanya ita ke haddasa shi, maganin sa kuma tafiya, nas ta zo ta tashe ni tun ranar tace yalla yalla, ina jan kafa a baranda ina Allah ya isa a raina amma ta fini gaskiya. Wajen fot din ne ya dade yana min zafi, musamman in zan sunkuya ko zan daura zani. Washegari suka bani wani ruwa na sha ana daukan hoto don a ga yana wucewa, aka sallame mu da takarda daya ta jerin abinci da lambar WhatsApp.

Takardar nan abincin su ne a ciki ba namu ba. Sati biyun farko ruwa ruwa, sai sati biyu na markadadde, sai mai laushi, sannan a koma abinci sosai. To ni da kaina na zauna na fassara shi zuwa kicin dina, romon kaza da aka tace, kunun gyada marar kauri ba suga, nono tsala, daga baya faten dankali da aka dama sosai, alale mai laushi, kifi da aka murmushe cikin miyar kubewa. Na tura musu tambaya ko zan iya shan fura, amsar da ta dawo wai menene fura, na tura hoto, shiru har yau.

Lokacin zuba ruwa yayi ina Kano. Na tuntube su sukace ai ki dawo, ko kuma ki samu kowane likita a nan ya miki. Kowane likita fa. Kudin jirgi da biza da masauki a wannan canjin dalar don allurar da bata wuce minti goma ba, kuma ba sau daya ake yi ba, a shekarar farko ana ta kai da kawowa ne a kara a rage. Na zaga asibitoci, wani likitan ya taba cikin yace shi gaskiya bai taba yi ba kuma bazai gwada a kaina ba, na gode masa har zuciya don ba allurar yau da kullum ake sokawa ba, akwai ta musamman da bata fasa robar maballin, in aka sa wadda ba ita ba fot din zai iya fara yoyo. Duk tsawon wannan lokacin robar a sake take, yunwa ta dawo, abinda na rage a farko ya fara komowa, ga kudi an kashe ga mutane sun zuba ido. Sai da kyar ta hanyar wata kawar yayata na samu likitan tiyata a Abuja da yayi karatu a waje ya saba da ita. Shi yake duba ni har yanzu, kuma duk zuwa kudin mota ne ko jirgi da kudin ganin likita, wanda ba ya cikin lissafin da ejan ya buga min a farko.

A bakin wannan likitan naji tarihin abin. Yace a Amurka an amince da irin wannan robar mai suna Lap-Band a 2001, tayi tashe sosai har a 2011 aka sassauta ka'ida zuwa BMI 30 ga mai wani ciwon, daga nan kuma kasuwar ta ta fadi, kamfanin Allergan ya saida ta a 2013, wanda ya siya shima ya saida a 2018. Yanzu silif ce tafi yawa a duniya, manyan asibitoci da dama sun fi cire roba akan sa sabuwa, saboda bayan shekaru takan zame daga inda aka sa ta, ko ta ci jikin tumbin ta shige ciki, ko hanyar abinci ta bude saboda matsi. Ya kara da cewa yanzu ga alluran rage kiba irin su Wegovy da ta fito a 2021, wasu da su suke farawa kafin ayi maganar wuka. A Alkahira ba wanda ya kawo min ko daya daga cikin wannan zancen, na ce roba nake so sukace to madalla. Likitan kwarai ai ya kamata ya dan ja da ke, ya tambaye ki a ina kike zaune, wa zai dinga duba ki.

Zaman yau da kullum da ita kuwa sai wanda ya gani. Loma kanana, tauna har sai abu ya zama ruwa a baki, ba'a hada ci da sha, sai an jira wajen rabin awa. In kika yi sauri ko kina hira kika manta kika hadiye, abu zai tsaya miki a kirji cak, wani yawu mai yauki ya dinga taruwa a baki, ba zama ba tsayuwa sai ya wuce ko ya dawo. Ya taba kama ni a gidan suna da tsoka daya ta soyayyen rago, na shige bandakin mutane na dade har uwar gida ta fara buga kofa tana lafiya Hajiya. Burodi, gurasa, kilishi, tsire in ya huce, shinkafa in ta bushe, rama da zogale masu zare, duk na sallama ko na rage sosai. Tuwo yana wucewa in yayi laushi miya tayi yawa, musamman kuka ko kubewa, dan wake kuma sai na yanka shi kanana. Da safe robar tafi matsewa, shayi mai dumi nake fara sha kafin komai ya shiga, haka in al'ada ta kusa ko raina a bace yake sai naji ta kara kamewa.

Kuma kar wadda ta yaudari kanta, robar bata hana kayan zaki wucewa. Lemon kwalba, ayis kirim, fura da nono da suga, kunun aya, duk zuruf suke wucewa kamar ba komai a wajen. Ranar da nama ya ki shiga, zuciya sai ta ce to sha abu mai sanyi mana, kuma ta nan kibar ke dawowa. Wannan fadan naki ne, ba likitan da zai yi miki shi.

Azumi ma sai da shiri. Rashin ruwa yana kara matse ta, in aka sha ruwa kika afka wa kosai ko dabino da bawon sa to kin gama buda baki a bandaki. Likitan Abuja ya rage min ruwan robar kafin Ramadan, yace na fara da ruwan dumi ko kunu, na yi sallah, sannan na ci a hankali, tsakanin magariba da sahur kuma na dinga kurbar ruwa ba kakkautawa. Da haka na samu nayi. Ya kuma hana ni ibuprofen da diclofenac da muke sha kamar gyada in gwiwa ta motsa, sai parasitamol. In kuma kwannafi ya dame ki da dare, ko tari in kin kwanta, ko ruwa ma ya ki wucewa, wannan ba na jira bane, a zuke ruwan robar ake yi da gaggawa, to ki tambayi kanki in hakan ta faru karfe biyun dare a garin ku wa zaki kira.

Sai bakin mutane, wanda shi ba ya cikin takardar sallama. A wajen mu in mace ta rame ba'a cewa ta huta, cewa ake me ya same ta. An ce maigida zai kara aure ne, an ce suga ne ya cinye ni, wata gwaggo ta har rubutu ta aiko min. A gidan biki a cika miki faranti ki ci cokali uku ki ajiye a ce kina raina abincin mutane. Yanzu na daina boyewa, ina cewa aiki aka min a ciki, sai kiga an koma tausayi an kyale ni.

Sakamako dai alhamdulillah akwai shi, na sauke sama da kilo 20 a hankali, ba irin zubewar masu silif ba, ina sujjada da goshi na a kasa, an rage min maganin hawan jini, tela ta rage min kaya har ta gaji. Gashi ya dan zube a watannin farko ya dawo. Fatar hannu da ta ciki ta saki, wannan kuma sai hakuri da dogon hannu.

Maki na, dakin tiyata da nas nas hudu cikin biyar, tafinta biyar cif, bayani kafin aiki biyu, kulawa bayan an dawo gida daya, dayan ma don sun amsa sallama ne. Wadda ke zaune a Alkahira ko wani gari da likitan ta ke kusa, zata iya jin dadin su sosai. Wadda zata dawo Kano ko Sakkwato ko Maradi, kafin ki tura ko sisi ki nemo wanda zai dinga zuba miki ruwan a gida, ki je ki ganshi ido da ido ki tambaye shi ko yana da allurar fot din, ki kuma karbo takardar da ke dauke da sunan robar da mil nawa take ci kafin ki bar asibitin, don ni sai da aka yi ta aike kafin suka turo min tawa. Kanwata na son ayi mata, na ce ta fara zuwa Abuja su zauna da likita a duba silif da allurar rage kibar tukuna, watan gobe zan raka ta in nima zanje a duba min tawa.