Puri da Tirupati: A Ɗaya Ana Fito da Shi, A Ɗaya Sai an Hau Dutse

Malam, ka ce ka ga bidiyo biyu daga Indiya: a ɗaya jama'a na jan wasu manyan kekunan katako da igiya, a ɗayan kuma maza da mata sun yi layi ana yi musu aski ƙwal, shi ne kake tambaya ko wuri ɗaya ne tunda duka an ce na Vishnu ne, ɗaya daga manyan abubuwan bautar 'yan Hindu. Ba wuri ɗaya ba ne, tsakaninsu ma a hanyar mota ya fi kilomita 1,000. Na farko haikalin Jagannath ne a garin Puri, jihar Odisha, a bakin teku. Na biyu haikalin Venkateswara ne a kan duwatsun Tirumala, saman garin Tirupati, jihar Andhra Pradesh. Mabiya addinin Hindu da dama na ɗaukar sunayen biyu a matsayin siffofin Vishnu, amma kusan iyakar kamar ke nan.

Mu fara da gini. Na Puri sarki Anantavarman Chodaganga ne ya soma shi a ƙarni na 12. Hasumiyarsa, mai tsawon kimanin mita 65, tana kan ɗakin da gumakan suke, ta tashi sambal sannan ta ranƙwafo ta sama kamar tulun rumbu. A ƙololuwarta akwai wata zobanya ta ƙarfe da tuta, kuma kullum sai wani ya hau da hannu da ƙafa ya sauya tutar. Na Tirumala bai kama ƙafarsa a tsawo ba. Shi salon kudu ne: katanga cikin katanga, hasumiya mai hawa-hawa a bakin ƙofa, ɗakin gunkin kuwa rufinsa gajere ne amma an lulluɓe shi da zinare. Sarki Krishnadevaraya na daular Vijayanagara, a farkon ƙarni na 16, yana cikin waɗanda suka zuba masa dukiya.

Gunkin Tirumala baƙin dutse ne, a tsaye, ba ya motsawa daga inda yake. Mai so ya gan shi sai ya je. Akwai hanyar mota, amma masu alwashi kan bi matakala 3,550 da ƙafa, su yi sa'o'i a layi, ganin kansa kuwa 'yan daƙiƙoƙi ne a ce a wuce. Askin da ka gani cika alwashi ne. Hukumar haikalin takan yi gwanjon gashin, daga nan ya shiga kasuwar gashin kanti ta duniya. Kuɗin da ake zubawa a asusun wurin ma da labarinsa: a imaninsu Venkateswara ya ci bashi wurin Kubera, mai kula da dukiya, don auren Padmavati, masu ziyara na taya shi biya. Dawainiyar aure dai ba a kanmu aka fara ba.

Na Puri ne ya fi ba ni mamaki. Manyan gumakan uku ne, Jagannath da wansa Balabhadra da ƙanwarsu Subhadra, kuma na itace ne, itacen ma darbejiya, wadda wasunmu ke kira dogon yaro. Jagannath na da dara-daran idanu zagayayyu, hannuwansa dungu ne, ba yatsu. Tunda itace na lalacewa, bayan wasu shekaru sai a sassaƙa sababbi a binne tsofaffin a cikin harabar. An yi haka a 1996, aka sake a 2015.

Sau ɗaya a shekara, cikin Yuni ko Yuli, sai a fito da su a ɗora kowanne a kekensa, wato bikin Rath Yatra. Keken Jagannath taya 16 gare shi, na Balabhadra 14, na Subhadra 12, kuma kowace shekara sababbi ake haɗawa. Kafin a ja, Sarkin Puri da kansa yake hawa ya share dandamalin kowane keke da tsintsiya mai mariƙin zinare, yana yayyafa ruwan ƙamshi, talakawa na kallo. Sannan a ja su wajen kilomita 3 zuwa haikalin Gundicha, su yi kwanaki, a dawo da su.

Batun shiga kuma, tunda na san nan za ka biyo: a Tirumala wanda ba Hindu ba sai ya sa hannu a takarda cewa ya yi imani da Venkateswara, ka ga Musulmi ko Kirista da wuya ya sa wannan hannu. A Puri ko wannan ƙofar babu. A 1984 Indira Gandhi, tana firaminista, an hana ta shiga saboda mijinta Feroze ba Hindu ba ne. Duk wanda aka tsayar a Ƙofar Zaki, babbar ƙofar haikalin wadda ke kallon gabas, ranar keken nan ce yake ganin Jagannath ido da ido, a kan titi, cikin turmutsutsu.