Wankin haƙori na sama ko na ƙarƙashin dasashi?

Idan dasashi yana zubar da jini lokacin goge baki, likitan haƙori kan duba zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi. A lafiyayyen baki, bai wuce milimita 3 ba.

Wankin sama shi ne a kankare dattin da ya daskare a jikin haƙori, wanda asuwaki da burushi ba sa iya cirewa. Zama ɗaya ne, kuɗinsa da sauƙi. Idan kumburi ne kawai, ya wadatar, dasashi kan koma daidai.

Na ƙarƙashi kuwa sai ramin ya kai milimita 4 ko fiye. A nan ana yin allurar kashe zafi, a shiga ƙarƙashin dasashi a kankare saiwar haƙorin, galibi a zama biyu ko fiye. Bayansa haƙora kan yi tsami da ruwan sanyi na ɗan lokaci. Yana rage jini da warin baki, ramin ya tsuke. Amma fa ƙashin da ke riƙe da haƙori wanda cutar dasashi ta riga ta cinye ba ya dawowa da wanki. Masu shan taba da masu ciwon sukari da ba a saita ba, nasu kan yi jinkirin warkewa.

A ganina, a bari likita ya auna ramin tukuna kafin a yi maganar kuɗi.